Daga Dambanas Zuwa Littafi Mai Tsarki: Tarihin Kalmomin Zina, Fasiƙanci Da Karuwanci A Fassarar Hausa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa ba a cika kiran laifin kwanciya da sunansa ba. Mutumin Dakusa, kamar sauran mutanen Damagaram, idan zai ba da labarin wanda aka kama da matar maƙwabcinsa, sai ya ce wane ya shiga gonar da ba tasa ba, kowa kuma ya gane. Wannan kunya ado ce ga harshe, amma akwai mutum biyu da ba ta fisshe su: alƙali da mai fassara. Alƙali dole ya ambaci laifi da sunansa kafin ya yanke hukunci, mai fassara kuma dole ya zaɓi kalma ɗaya ya ajiye ta a takarda, inda za ta zauna bayan shi ya bar duniya.

Wannan maƙala za ta bi tarihin yadda kalmomin Ibrananci da na Girkanci masu nufin laifin jima'i suka shigo Hausa ta hanyar fassarar Littafi Mai Tsarki. Batun ya shafi Kirista, domin a kan waɗannan kalmomi ake raba aure ko a hana raba shi. Ya shafi Musulmi, domin yawancin kalmomin da aka yi aikin da su daga makarantar allo da zauren malamai aka ɗauko su. Ya kuma shafi mutanen Damagaram musamman, domin bakin ɗan ƙasarsu ne ya fara ba wannan fassara Hausarta.

Yaron Dambanas

Wajen shekarar 1840 aka haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance. Yana yaro aka kama shi a wani hari, aka bi da shi ta Zinder zuwa Kukawa, babban birnin Barno, wadda Damagaram ke kai wa gaisuwa a lokacin. Ba shi kaɗai wannan ta faɗa wa ba. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake fita hari ana komowa da bayi, wani lokaci ma daga garuruwan da ke ƙarƙashin sarautar. Bajamushe Adolf Overweg ne ya ƴanta Dorugu, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaran suka bi Heinrich Barth, suka ratsa ta Zinder zuwa Tumbutu, daga bisani ya tafi da su Turai a 1855.

A Ingila ne suka haɗu da James Frederick Schön, wani Bajamushe ɗan mishan na ƙungiyar CMS, wanda ya fara sha'awar Hausa tun tafiyar Kogin Kwara ta 1841, tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, don haka Dorugu ya zame masa ƙasar Hausa a cikin ɗaki. Bisharar Matiyu ta fito a 1857, Farawa da Fitowa suka biyo baya, nahawu ya fito a 1862, ƙamus a 1876, Sabon Alkawari a 1880, sannan Magana Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi labarin rayuwar Dorugu daga bakinsa. Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya rasu a Kano a 1912.

Sai mai karatu ya dubi wannan zama da idon basira. Ga dattijon da ya san Girkanci da Ibrananci amma Hausarsa ta aro ce, ga matashin da Hausa ce harshen uwarsa amma an raba shi da gida kafin ya kai shekarun zama gaban malaman fiƙihu. Littattafan da suka fara da su kuwa cike suke da wannan batu: Matiyu na da maganar saki, Farawa na da labarin Yahuza da Tamar da na Yusufu da matar ubangidansa, Fitowa na da Dokoki Goma. Tun ranar farko matsalar ta tsaya a ƙofa.

Abin da Ibrananci ya bambanta

Tsohon Alkawari yana da manyan kalmomi biyu. Ta farko ita ce na'af, wadda ke cikin doka ta bakwai (Fitowa 20:14). Ma'anarta a ƙuntace take: kwanciya da matar aure ko wadda aka yi wa baiko. Abin dubawa shi ne matsayin macen, ko tana ƙarƙashin igiyar wani ko ba ta. Littafin Firistoci 20:10 da Maimaitawar Shari'a 22:22 sun yanke wa mutum biyun hukuncin kisa. Amma wanda ya yaudari budurwar da ba a yi wa baiko ba, hukuncinsa a Fitowa 22:16-17 shi ne ya biya sadaki ya aure ta, ko ya biya kuɗin kawai idan ubanta ya ƙi. Laifi ne, amma ba na'af ba ne.

Kalma ta biyu ita ce zanah. Duk wanda ya yi karatun Larabci zai ji ta saba da kunnensa, domin tushensu ɗaya da zina. To, a nan tarkon yake, don kama da wane ba ta wane. Zanah a Ibrananci ta fi karkata ga abin da Bahaushe ke kira karuwanci, kuma daga gare ta aka sami zonah, wato karuwa, lakabin da aka ba Rahab ta Yariko. Annabawa kamar Yusha'u da Irmiya da Ezekiyel sun ɗauki kalmar suka siffanta al'ummar da ta bar Ubangijinta ta bi gumaka. Mai fassaran da ya ga kunya ya sauya ta da shirka ko bautar gumaka ya faɗi gaskiyar ma'ana, amma ya kashe hoton da annabin ya zana na mijin da aka ci amanarsa.

Akwai kuma salon Littafin Firistoci sura 18, inda ake cewa buɗe tsiraicin wance a maimakon kwana da ita, a jerin matan da aka haramta wa mutum saboda kusanci. Wannan salo bai ba Hausa wahala ba, domin Bahaushe ma da sakaya yake magana.

Daga Iskandariya zuwa Roma

A ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Attaura zuwa Girkanci, fassarar da ake kira Septuagint. Suka ba na'af kalmar moicheia, suka ba zanah kalmar porneia. A wurin Girkawa, moicheia ita ce keta hurumin mace mai mutunci da ke ƙarƙashin wani namiji. Porneia kuwa sana'ar porne ce, kuma masana harshe suna danganta wannan suna da aikatau mai nufin sayarwa, domin yawancin matan da ke gidajen karuwai na Girka bayi ne da aka saya. A al'adar Girkawa da Rumawa, zuwa wurinsu ba abin hukunci ba ne.

A bakin Yahudawa masu jin Girkanci, sannan a wasiƙun Bulus, porneia ta faɗaɗa ta zama laima ga duk kwanciyar da Allah bai halatta ba. A 1 Korantiyawa 5:1 an kira zaman mutum da matar ubansa da wannan suna, a sura 6 kuma an kira zuwa wurin karuwa da shi. Iyakar wannan laima har yau ana jayayya a kanta. Bruce Malina ya rubuta a 1972 cewa kalmar ba lalle ta haɗa da kowace kwanciya kafin aure ba, Joseph Jensen ya mayar masa da martani a 1978, Kyle Harper kuma ya nuna a 2012 cewa ba za a fahimci kalmar ba sai an sa bauta a lissafi. Wannan magana ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin Zinder zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, lokacin da baiwa ke iya zama sa-ɗaka a gidan ubangidanta bisa shari'a, ba da zaɓinta ba. Yaya za a ce wa baiwa ta guji abin da ba ta da ikon ƙi? Tambayar ta dami Koranti, ta kuma dace da Damagaram ta zamanin Dorugu.

Da Jerome ya yi fassararsa ta Latin a ƙarshen ƙarni na 4, ya bi kalmar fornicatio, daga fornix, wato bakan gini irin wanda karuwan Roma ke tsayawa a ƙarƙashinsa. Daga nan Faransanci da Ingilishi suka gaje ta, a hankali kuma ta ƙuntata ta koma nufin kwanciyar marasa aure. Ke nan ƴan mishan da suka zo ƙasar Hausa sun zo da rabe-raben da ya ɗan sha bamban da na asali: laifin mai aure a gefe ɗaya, laifin marar aure a ɗaya gefen.

Abin da Hausa ta tanada

Aikin Schön bai bazu a ƙasar Hausa ba. Wanda ya kai fassarar ga cika shi ne Dakta Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus, ya shigo tare da ayarin Bishop Tugwell a 1900, ya zauna a Zariya. Da shi da abokan aikinsa, Turawa da Hausawa, aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932. Shi ne littafin da ya iso hannun ƙungiyar SIM, wadda ta buɗe tasharta ta farko a Nijar a Zinder a 1924, sannan ta kafa ta Tsibiri kusa da Maraɗi. Wata sabuwar fassara ta fito a ƙarshen shekarun 1970, wasu kuma suka biyo bayanta.

Waɗannan masu fassara sun tarar da Hausa da rumbu biyu. Rumbu na farko na gida ne: kwartanci, karuwanci, lalata, iskanci, farka, tsarance. Na biyu na malamai ne: zina, fasiƙanci, alfasha, luwaɗi. Abin lura shi ne, kalmar da ta fi kowace dacewa da na'af da moicheia tana rumbun gida. Kwarto shi ne mai neman matar wani, kuma kwartanci, kamar na'af, da igiyar auren macen ake auna shi. Amma kalma ce ta tsakar gida da tatsuniya, tana tafe da dariya, ana tuna mutumin da ya tsallake danga ya bar takalmi. Ba ta da nauyin da za ta zauna cikin Dokoki Goma. Sai aka ɗauki zina.

Zina tana da nauyi, amma nauyin nata na wata shari'a ne. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Damagaram, cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, zina ta haɗa mai aure da marar aure. Bambancin yana wurin hukunci: bulala 100 ga wanda bai taɓa aure ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, jifa kuma ga wanda ya taɓa. Ba ta tabbata sai da shaidu 4 ko iƙirari, ko kuma, a mazhabar Malik, bayyanar ciki ga wadda ba ta da miji. Wanda ya yi zargi bai kawo shaidu ba, bulala 80 ce tasa saboda ƙazafi. Shari'o'in Safiya Husaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina, waɗanda kotunan ɗaukaka ƙara suka sallama a 2002 da 2003, sun tuna wa duniya cewa wannan kalma ba ta wa'azi kaɗai ba ce. Saboda haka Bahaushen da ya ji zina a doka ta bakwai yana jin abin da ya fi na'af faɗi.

Tun da zina ta tafi wurin moicheia, sai porneia ta rasa mazauni, aka ba ta fasiƙanci. A Matiyu 15:19, inda kalmomin Girkancin biyu suka zo a jere, Hausa ta jera zina da fasiƙanci, kamar yadda fassarar Larabci ta Van Dyck ta 1865 ta jera zina da fisƙ a wannan aya. Asalin fisƙ shi ne fita daga ɗa'a, kuma a fiƙihu fasiƙi shi ne wanda ba a karɓar shaidarsa, ko da laifinsa shan giya ne ko ƙarya. A bakin Hausawa kalmar ta karkata zuwa ga lalata da mata, wannan ne ya sa ta yi aikin. Faɗinta ya dace da faɗin porneia. Abin da ta rasa shi ne warin kasuwa da bauta da ke jikin kalmar Girkancin.

Wurare uku da kalma ta zama hukunci

Na farko shi ne saki. A Matiyu 5:32 da 19:9 an hana sakin mace, an ware dalili guda, kuma kalmar da aka yi amfani da ita ga wannan dalili porneia ce, alhali moicheia na nan cikin ayar. A bayan wannan magana akwai tsohuwar gardamar malaman Yahudu a kan Maimaitawar Shari'a 24:1: makarantar Shammai ta ce sai an sami abin kunya na lalata, makarantar Hillel ta ce ko ɓata abinci ya isa. Masu fassara sun rabu. Fassarar Faransanci ta Louis Segond ta 1910, wadda Furotestan na Nijar suka sani, ta fahimci kalmar da cin amanar aure. Fassarar haɗin gwiwa ta TOB ta fahimce ta da auren da tun asali bai halatta ba. Idan mai fassara na Hausa ya sa zina a nan, ya buɗe ƙofar saki ga wanda aka ci amanarsa. Idan ya bi ɗaya fahimtar, ya rufe ƙofar, kamar yadda Cocin Katolika ke koyarwa. Tsakanin kalmomin nan biyu akwai makomar mace da ƴaƴanta, musamman a ƙasa irin Nijar inda al'amuran aure da saki suka fi bin al'ada da addinin ma'aurata.

Na biyu shi ne auren mace fiye da ɗaya. A Tsohon Alkawari Ibrahim da Yakubu da Dawuda sun tara mata, har da ƙwaraƙwarai, kuma ba a kira wannan na'af ba. Laifin Dawuda da aka tsawata masa a kai shi ne ɗaukar matar Uriya. Markus 10:11 ne ya kawo sabon abu, inda ya nuna namiji ma yana iya yin moicheia a kan matarsa. Taron Lambeth na 1888 ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma, sai a 1988 aka sassauta. A tsakanin waɗannan shekaru, magidancin da ya karɓi sabon addini a ƙasar Hausa yakan tarar ana kallon matarsa ta biyu, wadda aka ɗaura wa aure da waliyyi da sadaki da shaidu, kamar zamanta zaman zunubi ne. Ga maƙwabcinsa Musulmi, jin an danganta zina da halattaccen aure ƙazafi ne. Kalma ɗaya, ma'auni biyu, a unguwa ɗaya.

Na uku shi ne karuwa. Barbara Cooper, wadda ta yi bincike mai zurfi a Maraɗi ta kuma wallafa littafi a kan Kiristocin yankin a 2006, tana cikin waɗanda suka nuna cewa karuwa a Hausa ba kullum take daidai da mai sayar da jiki ba. Sau da yawa suna ne da ake liƙa wa macen da aurenta ya mutu ta zauna da kanta, ba a ƙarƙashin miji ko uba ba. A Maraɗi, Iya ce ke shugabantar ƴan bori da irin waɗannan mata. Ga kuma wata kalmar Ibrananci, ƙedesha, a labarin Tamar da Maimaitawar Shari'a 23:17, wadda tushenta ɗaya da ƙudus, wato tsarki. An daɗe ana fassara ta da karuwar haikali, bisa labarin Herodotus a kan Babila, amma masana irin su Stephanie Budin a 2008 sun yi jayayya cewa babu hujjar tarihi mai ƙarfi ga wannan al'ada. Mai wa'azin da ya karanta karuwar haikali ya waiwaya ya ga ƴar bori, ya ɗora mata kayan da watakila ko matan Kan'ana ba su ɗauka ba.

Haka abin yake ga Ayyukan Manzanni sura 15, inda aka umarci waɗanda ba Yahudawa ba su guji abubuwa 4, ciki har da porneia. Masana da dama suna ganin auren makusanta na Littafin Firistoci 18 ake nufi. Wannan jeri ya yi kusa da na Suratun Nisa'i aya ta 23, har da hana haɗa ya da ƙanwa, sai dai Musulunci ya ƙara haramcin shayarwa. Duka biyun ba su hana auren ɗan wa da ƴar ƙane ba, wato auren zumunci da Hausawa ke ji da shi. Kalmar fasiƙanci ba ta nuna wa mai karatu ko ɗaya daga cikin wannan.

Kammalawa

Masu fassarar 1932 da waɗanda suka biyo su ba su yi ganganci ba. Sun zaɓi kalmomin da jama'a ke girmamawa, kuma a Hausa kalmomin girma na addini daga Larabci suke, kamar yadda Allah da annabi da mala'ika da zunubi suka shiga littafin. Sakamakon shi ne Kirista da Musulmi a Zinder da Maraɗi da Kano suna magana da kalmomi iri ɗaya, kowa da shari'ar da ke bayan tasa. Wannan na iya zama gada, yana kuma iya zama rami idan kowa ya ɗauka abin da yake nufi shi ɗan'uwansa ke nufi.

Ga malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu akwai aiki a nan. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana kalmomi masu yawa, amma Hausar Kano ce ginshiƙinsu. Tsofaffin Dakusa da Kance da Mirya suna da nasu kalmomi da sakayar zance a kan aure, zawarci, zaman daduro da cin amana, kuma kunya na sa ana binne su tare da masu su. Ya kamata a zauna da su, mata su tambayi mata, maza su tambayi maza, a rubuta kowace kalma da iyakar ma'anarta da wanda ake faɗa wa ita. Mai fassara na gobe, ko na littafin addini ne, ko na dokar ƙasa, ko na takardar asibiti, zai buƙaci wannan taska kafin ya ɗora wa wata baiwar Allah sunan da ba nata ba. Schön ya sami Dorugu guda ɗaya, yaro, a ƙasar baƙi. Mu muna da dattawa a kowane zaure, kuma ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu tambaye su.